Yadda fankishin mai kiran kansa yake gina jeri ya mayar da shi

Duk wanda ya daɗe yana koya wa matasa rubuta kod ya san inda suke yin tuntuɓe. Za su wuce `if`, su wuce zagayen `for`, su buɗe jeri su zuba masa lambobi ba gargada. Ranar da aka kawo musu fankishin mai kiran kansa kuwa, sai aji ya yi tsit. Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, akwai 'yan Jega da suka gama sakandare suna koyo a waya, akwai mai tasowa daga Maiyama a kan babur ranar Asabar. Amma tambayarsu ba ta wuce biyu: "Malam, ina aka buɗe jerin nan, mu ba mu gani ba?" da kuma "Malam, me ya sa lambobin suka fito a juye?" Amsa ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, a yawancin irin wannan aiki ba a gina jerin lokacin da kira yake gangarawa. Sai an kai ƙasa an juyo, a hanyar dawowa ake zuba masa kaya. Wanda ya ga wannan da idonsa a takarda, sauran duk sauƙi ne.

Kayan aiki

Takarda da biro su ne na farko, kuma ba wasa nake yi ba. Littafin rubutu mai layi ya isa.

Sai wurin gwada kod. Idan kana da laftof, buɗe Chrome ko Firefox ka danna F12, za ka sami wurin rubuta JavaScript nan take ba tare da ka kashe data ba. Idan waya ce a hannunka, Pydroid 3 yana gudanar da Python a Android, Termux kuma yana karɓar Python da Node.js duka. Akwai shafin Python Tutor da yake zana maka kowane kira a allo mataki-mataki, har da na JavaScript, sai dai shi yana buƙatar intanet.

Na uku, ka tabbata ka riga ka san abu uku: yadda ake kiran fankishin, aikin `return`, da bambancin `push`, `unshift` da `concat`. In ɗaya daga ciki yana maka rawa, koma ka gyara shi tukuna. Misalan nan da JavaScript na rubuta su, inda Python ya bambanta zan faɗa.

1. Faɗi alkawarin fankishin kafin ka taɓa madannai

Rubuta jimla ɗaya da Hausa a saman takarda: "`kirga(n)` zai ba ni jerin lambobi daga 1 zuwa n." Jimlar ta ƙunshi abin da za a ba shi, da irin abin da zai mayar. Jeri zai mayar, ba lamba ba, ba rubutu ba, kuma ba bugawa a allo ba. Dalilin wannan mataki shi ne fankishin ɗin zai dogara da kansa a ciki. Idan kai mai rubutawa ba ka tsayar da abin da yake mayarwa ba, to kiran da ke ciki ba shi da abin dogaro. Rabin kurakuran da ake kawo mini, da an rubuta wannan jimla da ba a yi su ba.

2. Fara da matsaya

Matsaya ita ce ƙaramar matsalar da amsarta ba ta buƙatar wani kira. A nan, idan n bai kai 1 ba, babu abin ƙirgawa:

```js
function kirga(n) {
  if (n < 1) {
    return [];
  }
}
```

Dubi wannan `[]` da kyau, domin ita ce amsar tambayar farko. Nan aka buɗe jerin. Babu wani wuri a cikin kod ɗin da za a sake buɗe wani. Wannan jeri mara komai shi ne zai yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya fito cike.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, mayar da abin da ya saɓa wa alkawari: wani ya rubuta `return 0`, wani `return ""`, wani `return` kawai. Kiran da ke sama yana jiran jeri ya zuba masa lamba, sai a miƙo masa sifili, sai kod ya fashe. Wani kuma ya rubuta `return [0]`, kod ya yi aiki lafiya lau, amma kowace amsa ta zo da sifilin da ba a gayyata ba. Wannan ya fi haɗari, tunda babu saƙon kuskure da zai tashe ka.

Na biyu, ƙuntata sharaɗin. Idan ka rubuta `n === 0`, ranar da wani ya kira `kirga(-2)` ko `kirga(2.5)` lissafi zai tsallake sifili ya yi ta gangarawa ba iyaka. `n < 1` yana tare duka hanyoyin.

3. Rage matsalar, ka kira, ka riƙe abin da ya dawo

```js
function kirga(n) {
  if (n < 1) {
    return [];
  }
  const jeri = kirga(n - 1);
  jeri.push(n);
  return jeri;
}
```

Layuka uku aka ƙara, kowanne da aikinsa. Na farko yana cewa: ba ni jerin 1 zuwa n − 1. Na biyu yana ƙara n a ƙarshensa. Na uku yana miƙa shi ga wanda ya kira. Idan alkawarin mataki na ɗaya ya cika ga n − 1, to dole ya cika ga n, domin jerin 1 zuwa 4 da aka ƙara masa 5 ai jerin 1 zuwa 5 ne. Wanda ya yi lissafi a aji uku na sakandare ko shekarar farko ta jami'a zai gane wannan salon hujja, irin wadda ake tabbatar da ta farko sannan a nuna kowace tana jawo ta gabanta.

Hattara da `kirga(n--)`. Alamar `--` a bayan n tana miƙa tsohuwar ƙimar tukuna sannan ta rage, saboda haka kowane kira 3 zai karɓa, 3 zai miƙa, har wurin da kwamfuta take ajiye kiran ya cika. Rubuta `n - 1` ka huta. Haka nan kiran `kirga(n - 1)` a layi shi kaɗai ba tare da `const jeri =` ba, aiki ne aka yi aka zubar. Kwamfuta ba za ta ajiye maka amsar da ba ka karɓa ba.

4. Bi shi a takarda, kira bayan kira

Wannan shi ne matakin da kowa yake son tsallakewa, kuma shi ne zuciyar al'amarin. Rufe laftof. Za mu bi `kirga(3)`.

Ja akwati a ƙasan shafi ka rubuta `kirga(3)`, a ciki n = 3. Shin 3 ta gaza 1? A'a. Sai mu zo layin `const jeri = kirga(2)`. A nan kiran farko ya tsaya cak. Bai yi `push` ba, bai yi `return` ba, ba zai motsa ba sai an kawo masa amsa. Sa alamar tambaya a gaban `jeri`, ka ja sabon akwati a samansa: `kirga(2)`, n = 2. Shi ma ya iso layin nan ya tsaya. Ja na uku a sama: `kirga(1)`, n = 1. Ya tsaya. Ja na huɗu: `kirga(0)`.

Yanzu kalli shafinka. Akwati huɗu ne a ɗore, kuma har yanzu ba a zuba ko lamba ɗaya a ko'ina ba. Kowane akwati yana da n nasa. Ba n ɗaya ce take canzawa daga 3 zuwa 0 ba, n huɗu ne suke zaune a lokaci guda, kowace a ɗakinta. Ɗalibin da ya saba da zagayen `for`, inda `i` ɗaya ce take hawa, a nan tunaninsa yake karkacewa.

Kwamfuta tana ajiye waɗannan akwatuna a wani sashe na ƙwaƙwalwarta, tarin kira, kuma dokarsa irin ta lodin albasa ce a kasuwar Aliero. Buhun da 'yan dako suka fara jefawa cikin tirela shi yake can ciki wajen kan mota, kuma in an isa kudu shi za a sauke daga ƙarshe. Wanda aka ɗora a bakin ƙofa shi yake fara sauka. `kirga(3)` shi ya fara shiga, shi zai fita a ƙarshe.

To, mu sauke. `kirga(0)` ya cika sharaɗin matsaya, ya mayar da `[]`. Soke akwatinsa. Koma wanda ke ƙarƙashinsa, ka goge alamar tambaya ka rubuta `jeri = []`. Yanzu ne `kirga(1)` ya farka, ya ci gaba daga layin da ya tsaya, ba daga farko ba. Ya zuba n nasa, wato 1, ya mayar. Haka har ƙasa:

```
kirga(0) ya mayar da []
kirga(1) ya karɓi [],     ya zuba 1, ya mayar da [1]
kirga(2) ya karɓi [1],    ya zuba 2, ya mayar da [1, 2]
kirga(3) ya karɓi [1, 2], ya zuba 3, ya mayar da [1, 2, 3]
```

Ga amsar tambaya ta biyu. An fara kira da 3, shi ya sa ido yake tsammanin 3 ce za ta fara shiga. Amma `push` yana bayan kiran, don haka mai 3 ne na ƙarshe da ya sami damar zubawa. In kana son `[3, 2, 1]`, canza `push` zuwa `unshift`, wanda yake sa kaya a gaban jeri: 1 ta shiga, 2 ta shiga gabanta, 3 ta shiga gaban duka. Tsarin kiran bai canza ba ko kaɗan, gefen da ake zubawa ne ya canza.

Bayan ka gama da biro, buɗe kwamfuta ka sa `console.log("shiga", n)` a farkon fankishin, da `console.log("fita", n, jeri)` kafin `return` na ƙarshe. Za ka ga "shiga" sau huɗu a jere kafin "fita" ko ɗaya ta bayyana. Idan abin da allo ya nuna ya saɓa wa takardarka, kada ka wuce sai ka gano layin da kuka rabu.

Shawara guda: ka yi wannan zane da 3 ko 4, sau biyu ko uku, sannan ka daina. Mai ƙoƙarin riƙe kira ashirin a kansa zai sha ciwon kai a banza. Amfanin zanen shi ne ya sa ka yarda da alkawarin, daga nan sai ka riƙa duba hawa ɗaya kawai: me aka miƙo mini, me zan ƙara, me zan miƙa.

5. Duba abin da `return` yake ɗauke da shi

Mai son gajarta kod yakan haɗe layuka biyu na ƙarshe ya rubuta `return jeri.push(n)`. A ido daidai ne. Amma `push` ba jerin yake mayarwa ba, sabon tsawonsa yake mayarwa. Ke nan `kirga(1)` zai miƙa lambar 1, `kirga(2)` ya yi ƙoƙarin zuba kaya a cikin lamba, sai ka ga `jeri.push is not a function`. `unshift` ma haka yake. A Python abin ya fi muni, domin `append` yana mayar da `None`, sai saƙo ya ce `'NoneType' object has no attribute 'append'`.

Mai manta `return jeri` gaba ɗaya kuma, JavaScript zai mayar masa da `undefined` a shiru, sai kiran da ke jira ya faɗi da `Cannot read properties of undefined`. Ka lura, layin da saƙon ya nuna ba shi ne mai laifi ba. Laifin yana wurin wanda ya dawo hannu wofi. Duk lokacin da ka ga ɗayan saƙonnin nan, bi kowace hanya da kod zai iya fita daga fankishin, ka tambaya: wannan jeri take mayarwa?

In layi ɗaya kake so, akwai hanyar da ta halatta: `return kirga(n - 1).concat(n)`, ko `return [...kirga(n - 1), n]`, salon ɗigo uku da ya shigo JavaScript a 2015. Su biyun sabon jeri suke ƙirƙira su mayar. Suna da kuɗinsu, za mu zo kansa.

Kada kuma ka ɗauki `console.log` a matsayin `return`. Bugawa a allo don idonka ne. Kiran da ke jira ba ya karanta allo.

6. San ko jeri nawa ne, kuma na wane ne

Da yawa in kiran kai ya rikita su, sai su fitar da jerin waje, su rubuta `const jeri = []` a saman fayil, fankishin ya riƙa zubawa a ciki. Gwajin farko zai ba da amsa daidai, sai murna. Kira shi karo na biyu ka ga `[1, 2, 3, 1, 2, 3]`, domin kayan jiya suna nan ba a kwashe ba. Wannan ne ya sa kod yake aiki a laftof ɗinka amma ya faɗi a na'urar gwaji, wadda take kiran fankishin sau da yawa a jere. Ni duk aikin da aka kawo mini, sau biyu nake kiransa kafin in karanta shi.

Idan kana son jeri ɗaya da za a cika tun a hanyar gangarawa, to miƙa shi cikin kiran:

```js
function sauko(n, jeri = []) {
  if (n < 1) return jeri;
  jeri.push(n);
  return sauko(n - 1, jeri);
}
```

`sauko(3)` zai ba da `[3, 2, 1]`, alhali `push` ɗin nan dai aka yi amfani da shi. Bambancin kawai, a nan zubawa ta riga kira. Ajiye wannan kusa da `kirga` ka kalle su tare: duk abin da ke gaban kiran ana yin sa a hanyar tafiya, duk abin da ke bayansa a hanyar dawowa. Ka kuma lura matsayar ta canza. Yanzu `jeri` take mayarwa, cikakke. In ka bar `return []` a wurin, ka tara kaya ka watsar a bakin ƙofa.

Mai Python ya yi hattara sosai a nan. `def sauko(n, jeri=[])` tarko ne, domin Python sau ɗaya yake ƙirƙirar wannan jeri, lokacin da ya karanta `def`, kuma duk kiran da zai biyo baya shi zai gada. JavaScript sabo yake yi kowane karo. A Python rubuta `jeri=None`, sannan a ciki ka ce in `None` ne a buɗe sabo.

7. Jeri a cikin jeri, inda kiran kai yake cin kasuwarsa

Gaskiya ƙirga 1 zuwa 3 ba ya buƙatar duk wannan, zagayen `for` ya fi shi sauƙi. Ana koyar da shi ne don a saba. Inda kiran kai ba shi da na biyu shi ne bayanai masu rassa waɗanda ba ka san zurfinsu ba. Ɗauki wani yanki na masarautar Gwandu, inda wasu ƙananan hukumomi aka rubuta garuruwansu, wata ba a rubuta ba:

```js
const wurare = [
  "Kalgo",
  ["Jega", ["Kimba", "Jandutsi"]],
  ["Aliero", ["Sabiyal", "Danwarai"]],
  ["Maiyama", ["Andarai", "Mungadi", "Sambawa"]]
];

function warware(abu) {
  if (!Array.isArray(abu)) return [abu];
  let sakamako = [];
  for (const guntu of abu) {
    sakamako = sakamako.concat(warware(guntu));
  }
  return sakamako;
}
```

Alkawari: ko me aka ba `warware`, zai mayar da miƙaƙƙen jerin sunaye. Shi ya sa in an ba shi suna ɗaya tak, kamar "Kalgo", ba sunan yake mayarwa tsirara ba, yana naɗe shi a `[ ]`. Amsar duka sunaye 11 ce, daga Kalgo zuwa Sambawa, a tsarin da aka rubuta su. A nan kowane kira da ya ci karo da jeri yana buɗe `sakamako` nasa, ba kamar `kirga` ba inda jeri ɗaya ne ya zagaya.

Wurare huɗu ake zamewa. In ka sa `sakamako.push(warware(guntu))`, jerin da ya dawo zai shiga a dunƙule, ka koma gidan jiya da jeri cikin jeri. In ka rubuta `sakamako.concat(...)` ba tare da `sakamako =` a gabansa ba, amsa za ta fito wayam, domin `concat` ba ya taɓa na asali. In ka sa `return` a cikin zagayen, Kalgo kaɗai za ka samu. In kuma ka yi amfani da `for (i = 0; ...)` ka manta `let`, duka kiran za su yi tarayya a `i` ɗaya, na ciki ya hargitsa wa na waje ƙidaya.

Mai Python, `isinstance(abu, list)` za ka tambaya. In ka tambayi ko ana iya zagaya abin, to rubutu ma ana zagaya shi: "Jega" za ta tsinke zuwa haruffa, harafin "J" kuma ya yi ta ba da kansa har abada.

Ga gwajin da nake so, domin amsarsa a sane take. Jihar Kebbi, da aka cire daga Sakkwato a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 a masarautu huɗu: Gwandu 10, Argungu 4, Zuru 4, Yawuri 3. Rubuta su jeri huɗu a cikin jeri ɗaya, ka warware, ka duba `length`. Dole ka ga 21. In ka ga 25, ka sa sunayen masarautun a ciki, kuma za ka tarar kowanne ya fito sau biyu, tunda kowace masarauta tana da ƙaramar hukuma mai sunanta. In ka ga 4, `push` ka yi.

Tun 2019 JavaScript yana da `wurare.flat(Infinity)` mai yin wannan a layi ɗaya. A wurin aiki yi amfani da shi. Amma sai ka rubuta naka tukuna, domin ranar da bayanan suka zo da siffar da `flat` bai sani ba, kamar manyan fayil masu ƙananan fayil a ciki, hannunka ne zai fisshe ka.

8. Idan amsar kanta jeri ce mai ɗauke da jeri

Ɗan kasuwa yana da albasa, shinkafa da gero, yana son ganin duk haɗin da zai iya ɗora wa mota, har da tafiya ba kaya:

```js
function hadi(kaya) {
  if (kaya.length === 0) return [[]];
  const [farko, ...saura] = kaya;
  const banda = hadi(saura);
  const tare = banda.map(j => [farko, ...j]);
  return banda.concat(tare);
}
```

Matsayar `[[]]` ce, ba `[]` ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. In babu kaya, akwai haɗi ɗaya: mota wofi. `[]` kuwa cewa take babu haɗi ko ɗaya, sai `map` ya rasa abin da zai zagaya, amsa ta fito fanko tun daga ƙasa har sama.

Sai batun kwafi. `[farko, ...j]` sabon jeri yake yi. Wanda ya ga kamar ɓarna ce ya sa `j.unshift(farko)` ya mayar da `j`, to ya taɓa jerin da `banda` yake riƙe da shi, domin sunaye biyu ne a kan abu ɗaya. Gwada ka gani: maimakon haɗi takwas mabambanta, za ka sami abu ɗaya an maimaita sau takwas, mai albasa huɗu, shinkafa biyu, gero ɗaya. Dokar ita ce, in amsar da ta dawo za ka yi amfani da ita sau biyu, kwafa kafin ka canza.

Kuma kada ka gwada wannan da kaya masu yawa a waya. Kowane ƙarin kaya yana ninka amsa. Kaya 20 haɗi 1,048,576 ne, kaya 30 sun haura biliyan ɗaya.

9. Auna zurfi kafin ka saki kod

Tarin kira yana da iyaka. Python yana tsayawa a zurfin 1000 in ba a canza masa ba, ya jefo `RecursionError`. Chrome da Node.js sukan kai wajen dubu goma, gwargwadon nauyin kowane kira, sannan su ce `Maximum call stack size exceeded`. Firefox kuma `too much recursion` yake cewa. In ka ga wannan da ƙaramar lamba, matsaya ce ta lalace ko ba ka rage matsalar ba, koma mataki na biyu da na uku. In da babbar lamba ce, kod ɗinka daidai ne, zaɓin kiran kai ne bai dace ba. Ɗaga iyakar da `sys.setrecursionlimit` jinkirta faɗuwa ne kawai.

Abin aunawa zurfi ne, ba yawa ba. Hukumar zaɓe ta ƙasa tana da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan ƙarin 2021, a mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774. In ka jera rumfunan a layi ɗaya ka ce kira ɗaya ga kowace rumfa, ba za ka kai ko'ina ba. In kuwa a rassa suke, ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, to `warware` zai bi su duka, tarin bai wuce hawa biyar ba a kowane lokaci, domin yana gama reshe ya sauke kafin ya ɗauki wani.

Sai kuɗin kwafi da na ambata. Duk kiran da ya yi `concat`, ko `slice(1)`, ko ɗigo uku, yana kwafe abin da ke hannunsa gaba ɗaya. A jeri mai abu 5,000 da ake ragewa ɗaya-ɗaya, jimlar kwafin ta haura miliyan 12. A ƙaramin aiki ba za ka ji ba. A babba, koma salon `sauko`, jeri ɗaya da ake miƙawa ana zubawa, ko ka miƙa lambar wurin da aka tsaya maimakon yanka jerin.

Kada wani ya ruɗe ka cewa in kiran shi ne abu na ƙarshe a fankishin, kamar a `sauko`, tarin ba zai cika ba. A Scheme da wasu 'yan gidan Lisp, harshen da John McCarthy ya ƙirƙira a 1958 wanda ya ɗora komai a kan kiran kai da jeri, haka ne. A JavaScript an rubuta shi a ƙa'idar 2015, amma cikin manyan burauza Safari ne ya aiwatar. Python bai yi ba sam.

Kafin ka ce ka iya, rubuta `tsakani(a, b)` mai mayar da lambobi daga a zuwa b, ba tare da `for` ba kuma ba tare da jerin waje ba. Gwada shi da huɗu: `tsakani(2, 5)` ya ba da `[2, 3, 4, 5]`, `tsakani(4, 4)` ya ba da `[4]`, `tsakani(6, 3)` ya ba da `[]`, sannan ka sake kiran `tsakani(2, 5)` ka tabbata amsar ba ta ƙaru ba. In duka sun fito, sake rubuta shi ta ɗaya gefen: in da b kake ragewa kana `push`, yanzu ƙara a kana `unshift`, kuma ka rubuta amsar da kake tsammani a takarda kafin ka danna.